Shekarar da Issufu Ya Fito a Tele

Bana ruwa ya makara a Tanut. Hadari yakan haɗo daga gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman makwanci, sai iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari sama fes kamar an share. Ni kuwa da zarar an fara haka sai hankalina ya tashi, ko da akwai hatsi a ɗaki. Jiya ina zaune a inuwa ina kallon gabas, jikokina na bayana sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna musu a kan wani fim. Wannan ta ce jarumin bai iya kuka ba, wancan ya ce ai matar ce ta ɓata wasan. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama a cikinsu. Ban ga laifinsu ba. Mu ma mun yi irin wannan musu, kuma mun yi shi ne a shekarar da ban taɓa jin tsoro irin nata ba.

Lokacin ina matar aure mai ƴaƴa biyu, a wani ƙauye can wajen Gangara, farkon shekarun tamanin. Maigidana sunansa Issufu. Yau da ba ya duniya ne nake iya faɗin sunan. Muna gida ɗaya da iyayensa, Baba Tanko da Inna. Shekara guda kafin babban farin da ya afka mana, gwamnati ta kawo wa garinmu tele, wato talabijin. Mota ce ta zo da ita, da batir, da wani baƙin faranti da aka ɗora a rufin lakwal, wato makarantar boko, yana shan rana, da dogon ƙarfe da aka kafa ya fi kowace bishiya ta garin tsawo. Aka damƙa ta hannun malamin lakwal, wanda kowa ke kira Mushe. Ba kullum ake kunnawa ba. Ranar da ake yi, da an sallame magariba sai ya fito da ita a kan tebur, maza su shimfiɗa tabarmi a gaba, yara su zube a yashi, mu mata can baya a tsaye da goyo. Kiran isha'i ke tashin mu. Hoton baƙi da fari ne, sau da yawa kuma yana yayyafi, sai an tura wani ya juya ƙarfen.

Mu ba Faransanci muke ji ba, amma ba mu damu ba, don muna da Baba Tanko. Surukina mutum ne mai kaifin baki, ba abin da zai gifta a gilashin nan bai yanke masa hukunci ba. Yana da abokin musu, Haru Sarkin Fawa, ƙato mai babbar murya, sa'ansa ne tun suna yara. Idan Baba ya ce abu ya yi kyau, Haru zai ce shirme ne. Ko a kokawa, wadda dukansu suke so, sai kowa ya ɗauki nasa ɗan kokawar, su yi ta yi kamar su ne a fage.

Akwai wani wasa na Nasara masu manyan huluna da ke bin juna a kan dawaki suna harbi. Baba ya jure, ya jure, sai ya ce, "Tun da aka fara dokin nan ke gudu. Wa ya ga an ba shi ruwa?"

Haru ya ce, "Tanko, wasa ne fa."

"Wasan ne zai hana doki ƙishi? Mutumin da ba ya shayar da dabbarsa, ko ya kashe ɓarayi dubu, ni ba jarumi ba ne a wajena."

Wata rana aka nuno wasu samarin Nasara, gashi har kafaɗa, suna rataye da manyan garayu masu igiyar wuta, suna tsalle suna ihu kamar kunama ta harbe su. Baba ya ce waɗannan bori ne ya hau su, kuma ba wanda ya zo da turare. Haru ya ce shi dai mai gangunan nan ya burge shi, mutum ɗaya yana dukan kayan da ƙarti huɗu za su ɗauka. Inna ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Su garinsu ba wanzami ne?" Dariya ta kusa kayar da ni.

Wanda ya fi zama mini a rai shi ne na wani mai takobi da ya yi faɗa da dodo mai fukafukai, yana fitar da wuta ta baki. Yara suka watse da gudu. Mushe ya ce kada kowa ya ji tsoro, daga littafi aka ɗauko labarin, shi ma ya karanta, ƙasar ma babu ita a duniya, wani ne ya ƙago ta. Baba ya ce, "To, a ƙasar me suke shukawa?" Mushe ya ce littafin bai faɗa ba. Baba ya ce, "Littafi mai kaurin tubali, ba gona ko ɗaya a ciki? Wanda ya rubuta shi bai taɓa kwana da yunwa ba."

Issufu ba ya sa baki. Shi mai shiru ne. Yakan zauna gefe da wuyansa a karkace hagu, don raƙumi ya taɓa kayar da shi yana yaro, wuyan bai koma daidai ba. Sai mun dawo gida yake kwaikwayon uban nasa da Haru a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, ni ina toshe baki da zane.

Damina ta kewayo. Ruwan farko ya sauka da wuri, mai kyau, har ƙasa ta yi ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Duk gari ya fita. Maza na gaba da sungumi suna sara, mu da yara muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Gero ya tsiro, kore shar, layi-layi har inda ido ya tsaya. Daga nan sama ta rufe bakinta. Rana ta riƙa fitowa fara fat tun da safe, yashi ya yi zafin da ko jaki ba ya son takawa. Wata iska mai zafi ta taso daga arewa, tana kwasar yashi tana yanka tsiron, abin da ba ta yanke ba ta binne. Muka je gona muka tarar kamar ba a taɓa shuka komai ba.

Aka sami ɗan yayyafi, muka sake shuka. Ya ƙone. Na ƙarshe binne muka yi, a busasshiyar ƙasa, muna fatan ruwa ya zo ya tarar da shi. Ɓeraye da tsuntsaye suka riga ruwan.

An fita roƙon ruwa ba sau ɗaya ba. Maza suka juya rigunansu, aka fitar da tsofaffi da yara bayan gari, aka yi sadakar gumba da ɗan abin da ke akwai. Ranar nan hadari ya haɗu har da cida, mata muka fito da kwaryoyi da tukwane muka jera a tsakar gida. Ɗigo ya sauko, manya-manya, kowanne ya huda yashi ya bar rami kamar zanzana. Kafin mu gama hamdala ya ɗauke. Na ga Inna ta tsaya tana kallon ƙwaryar da ko gindinta bai jiƙe ba, sai ta kife ta, ta shiga ɗaki.

Ni na san abin da ke tafe, shi ya sa tsorona ya fi na wasu. Farin farko, na shekarun saba'in, ya same ni ina budurwa a gidanmu. Na ga Fulani da Buzaye suna wucewa a ƙafa ba dabba ko ɗaya a gabansu. Na ga ƙanena, wanda nake goyo, ya daina kuka ya koma kallo kawai, har ranar da aka ɗauke shi a tabarma. Yanzu kuma ga ni da nawa goyon, Habu, da ƴar farina da ba ta wuce riƙe mini zane ba.

Rumbu ya riƙa sauka. Inna ce ke awo, sai ta ajiye tiya ta koma ƙaramin ƙoƙo. Aka bar tuwo, aka koma kunu. Dusar da muke ba akuya muka fara tankaɗewa muna ci. Rijiya ma ta yi nisa, a ƙara igiya a kan igiya, guga ya fito rabi ruwa rabi laka. Shanu suka fara cin tsumma da danga. Idan saniya ta kwanta sai an taru an ɗaga ta da sanduna.

Dattawa suka zauna suka yanke a tara shanun da ke iya tafiya a yi kudu da su. In an sami ciyawa a tsaya, in ba a samu ba a sayar a sayo hatsi. Bello, Bafulatanin da ya daɗe yana yi mana kiwo, shi zai ja gaba, amma ana son ɗan gari ya bi shi. Aka zaɓi Issufu, don ya san hanya tun yana zuwa cin rani, kuma ba a taɓa jin ya taɓa abin wani ba. Shanunmu na ciki, da na maƙwabta, da na Haru, wanda duk abin da ya mallaka a duniya shanun nan ne. Ana jajiberin tafiya na ga rigar Issufu ta yage a kafaɗa. Ba ni da ƙyalle, sai na yanki gefen zanena mai gida-gida na yi masa faci. Da asuba suka tashi. Abin da ya ce da ni kawai, "Kafin watan nan ya mutu za ku ji ni."

Wata ya mutu. Wani ya tsaya, shi ma ya mutu. Lokacin da ya kamata a ce ana yankan gero ya zo ya wuce, gonaki fayau. Sai jita-jita: an ce iyaka a rufe take, an ce shanu sun yi yawa a kudu har ba mai saye, an ce an ga gawar mutane a bakin wata rijiya. Duk baƙon da ya sauka a gari sai Inna ta aike ni in ji daga ina ya fito.

Muka shiga daji. Tun da sassafe mata ke fita ɗibar anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da kan kashe mutum in ba a jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa ba, ga shi ruwan ma aiki ne. Muna share ƙarangiya mu daka, ƙaya ta cika mana hannu da zane. Muna tona gidan tururuwa mu ƙwace ɗan tsabar da suka tara. Ganyen jiga ma sai an yi nisa. Nonona ya janye. Habu ya riƙa tsotsa yana saki yana kallona. Kullum da safe nakan zagaya damtsensa da yatsuna biyu in ji ko ya ragu, kuma kullum sai in ji ya ragu.

Gari ya fara watsewa. Yau a wayi gari gidan wane a rufe da ƙaya, gobe na wane. Amma Mushe bai daina fito da tele ba, don rana ce abincinta, ita kuwa rana ba mu rasa ta ba. Muna zuwa, saboda zama a gida da yunwa ya fi wuya. Sai dai kallon ya sauya. Ba mai ƙarfin ihu. Har kokawa aka riƙa kallo shiru, sai wani ya ce, "Dubi cinyarsa, wannan yana ƙoshi." Wata rana a wani wasa, wata Baturiya ta yi fushi da mijinta, ta tashi daga tebur ta bar nama cike da faranti. Baba Tanko ya miƙe tsaye, ya ce, "Ta bar shi! Jama'a, ta tashi ta bar shi!" Ba wanda ya yi dariya. Haru ma bai ce wasa ne ba. Ya jawo hannunsa kawai ya zaunar da shi.

Ranar da abin ya faru, labarai ake yi, da Hausa. Mai karantawa ya ce ga mutanen da fari ya koro, an tara su a bayan garin Damagaram ana ba su abinci. Aka nuno bukkokin tabarma da buhuna, da manyan tukwane suna tururi, da dogon layi na mutane kowa da kwano. Hoton na tafiya a hankali a kan fuskoki. Sai ya zo kan wani mutum a ƙarshen layi, ba hula, ƙashin wuya a waje, kansa a karkace hagu. A kafaɗar rigarsa akwai faci mai gida-gida.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ga mata sun juyo. Kafin in sake duba hoton ya wuce, an koma nuna wani babba yana jawabi.

Haru ne ya fara magana. "Issufu ne! Wallahi Issufu ne!"

Wuri ya ruɗe. Wani ya ce shi ma ya gan shi, wani ya ce kama ce. Wata tsohuwa ta roƙi Mushe ya maido da hoton baya, ya ce ba a iyawa, abin da ya wuce ya wuce. Haru na ta faɗi, "In yana layin abinci, ina shanun? Ina Bello? Ina shanuna?" Masu dabba a garken duk suka miƙe. Ni kuwa na durƙusa a yashi da Habu a baya. Inna ta riƙe kafaɗata, hannunta sanyi ƙalau.

Sai Baba Tanko ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ba shi ba ne."

Haru ya ce, "Tanko, wuyan fa?"

"Shi kaɗai raƙumi ya taɓa kayarwa a ƙasar nan? Ni na haife shi. Wancan ya fi shi tsawo, kuma ɗana ba ya fita ba hula. Akwatin da ya nuna muku dodo mai fukafukai shi za ku yarda da shi yau? Ba shi ba ne. Kowa ya tafi ya yi salla."

Ya faɗe shi da irin muryar da yake yanke wa wasa hukunci, har wasu suka fara cewa ai kuwa da alama ya fi Issufu tsawo. Ni kaina, muna tafiya gida, na fara tambayar zuciyata: zane mai gida-gida ai ba ni kaɗai ke da shi ba. Na kama maganar Baba na riƙe da hannu biyu, don in shi ne, to ba shanu, ba hatsi, ba abin da muke jira kuma.

Da safe ina tankaɗen dusa sai Inna ta ce Baba na kira na a zaure. Tun da aka kawo ni gidan, tsakanina da shi gaisuwa ce daga nesa, a durƙushe. Na je na tsuguna a bakin ƙofa, na sunkuyar da kai.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ƴata, shi ne."

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Tun kafin hoton ya kai fuskarsa na gane tsayuwarsa. Amma da na amsa a gaban mutane, da jiya an yi abin da ba shi da kyau. Yunwa ba ta bar wa kowa hankali ba." Ya goge ido da bakin rawani. "Shanun sun tafi, na sani. Kunya ce ta hana shi dawowa, kuma kunyar nan za ta kashe shi a can. In ni na je, da ya hango ni zai ɓuya. Ke za ki je. Ki tafi da yaron, an ce akwai likita a wurin."

Na ce, "Baba, ni kaɗai?"

"Da Haru. Tun asuba ya zo ya ce shi sai ya gani da idonsa. Ba zan iya hana shi ba."

Wannan ya ƙara mini wani tsoron. Na san zuciyar Sarkin Fawa, na kuma ji muryarsa jiya.

Na bar ƴar farina wurin Inna. Muka taka har bakin babbar hanya, muka sami kamiyo, babbar motar kaya, da ya kai jar dawa Tanut zai koma wofi, direban ya ji tausayin goyon ya ce mu hau baya. Abin da na gani a hanyar nan ban taɓa ba jikokina labarinsa ba. Shanu kwance dama da hagu, fata ta bushe a kan ƙashi, ungulu sun ƙoshi har ba sa tashi. Mutane jere-jere suna yin kudu a ƙafa, tabarma da tukunya a ka, wasu na ɗaga mana hannu, motar ba ta tsayawa. Habu ya yi laƙwas a jikina, ina ta sa yatsa a hancinsa in ji numfashi. Haru na zaune can gefe, ya haɗe rai.

Wurin ya fi yadda tele ta nuna girma, kuma tele ba ta nuna wari ba, ba ta nuna ƙudaje ba, ba ta nuna tarin yara ba. Haru ya ce zai bi ta wajen maza, ni in bi ta wajen masu dahuwa. Na riƙa bi bukka-bukka ina leƙa fuskoki, duk sun zama iri ɗaya. Ina tambaya, "Don Allah, ko kun ga wani mutumin ƙasarmu Damargu mai karkataccen wuya?" Wani ya ce mutanen Damargu ai su suka fi yawa a nan. Wani ya nuna mini bayan wani tudu, ya ce in ban same shi ba in tambayi masu haƙa, su suka san waɗanda aka kai. Na kalli tudun, na ga sababbin kaburbura a jere, ƙanana sun fi yawa. Na kasa matsawa ko taki ɗaya wajen.

Wata mata mai juya kunu da muciya kamar tabarya ta ce, "Wanda ba ya magana? Ba ya zuwa sai kowa ya gama karɓa. Duba bayan buhunan can."

Yana zaune a ƴar inuwa, ya haɗa kai da gwiwa. Facin na nan. Na tsaya a gabansa na yi sallama. Ya ɗago, ya dube ni kamar bai san ni ba, sannan idonsa ya sauka kan goyon.

"Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba kowa. Har yanzu dai."

Na kwance Habu na miƙa masa. Ya karɓe shi, ya ji rashin nauyinsa. A guntu-guntu ya ba ni labari. Ba ciyawa ko'ina. Duk rijiyar da suka je sun tarar da garkuna sun riga su. Shanun suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka kai kasuwa ba wanda ya taya. Bello ya bi danginsa da saniya guda da ta rage tana jan ƙafa. Shi kuma zawo ya kama shi, wasu masu jakuna suka tsince shi suka kawo shi nan.

"Na ce in na ji ƙarfi zan nemi aiki a birni, ko buhu ɗaya in samu in shigo gari da shi. Da wane ido zan dubi mutane hannu wofi?" Sai ya tsaya. "Wa ya gaya miki ina nan?"

"Mun gan ka a tele."

Ya ce ai kuwa wasu sun zo kwanaki da wani akwati a kafaɗa, bai san abin da suke yi ba. "Ku da wa?"

"Duk wanda ya rage a gari."

Ya rufe ido. A daidai nan inuwa ta faɗo a kanmu. Haru ne. Na ji kamar in ɗauke Habu in gudu. Issufu ya yi ƙoƙarin miƙewa ya kasa, ya durƙusa a gwiwa da yaron a hannu, ya ce, "Sarkin Fawa, shanunka..."

Haru ya tsaya yana kallonsa, daga kai har ƙafa. Can ya ce, "Tun daga bakin hanya nake ganin irinsu a kwance. Ba sai ka faɗa ba." Ya tsuguna da ƙyar, ya cire hular kansa ya kifa wa Issufu. "Amma ɗana, mutum zai fito a tele, duniya na kallo, ko hula babu? Kuma ka tsaya can ƙarshe kamar an tilasta ka. Ni ban taɓa ganin wanda bai iya fitowa ba irinka."

Issufu ya fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Haru ya juya mana baya yana ta faɗa da ƙudaje.

Mun yi ƴan kwanaki a wurin. Likita ta karɓi Habu, aka riƙa ɗura masa madara da cokali, har ranar da ya yi kuka mai ƙarfi, kukan da ban taɓa jin daɗin irinsa ba. Da Issufu ya iya tsayuwa muka nemi motar komawa. Sauran shekarar jar dawar taimako ce ta riƙe mu, da ɗan lambun da aka yi a bakin rijiya, har Allah ya kawo damina ta gaba. Ba duk waɗanda suka rufe gidajensu da ƙaya ne suka dawo suka buɗe ba.

Ranar da muka iso, da hantsi, Baba Tanko na zaune a ƙofar zaure, mutane sun taru don an hango mu tun daga nesa. Issufu ya zube a gabansa, ya fara lissafa shanun da inda kowace ta faɗi. Baba ya ɗaga hannu.

"Ban tambaye ka ba. Shiga ka gai da uwarka."

Wani daga cikin mutane ya ce, "To Baba Tanko, ashe dai shi ne muka gani."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Wa ya ce? Wancan ya fi shi tsawo. Ɗana a hanya suka gamu da shi, yana dawowa gida da ƙafarsa. Ko ba haka ba, Haru?"

Duk ido ya koma kan Sarkin Fawa, mutumin da tun suna yara bai taɓa yarda da maganar Tanko ba ko a kan launin akuya. Yana tsaye da kansa ba hula, rana na dukan saiƙonsa.

Ya ce, "Haka ne. Wancan ya fi shi tsawo."